Baba Gado Mai Auna Numfashi da Basilla

Ka taɓa tsayawa ka auna tsawon numfashinka? Ba toshe hanci irin na mai nutso nake nufi ba. Ka hura iska a hankali, murya ɗaya, ba rawa ba yankewa, ka ga inda za ta kai ka. Ni dai mutum ne da ba na wuce tarin buhu ban san adadinsa ba, amma ban taɓa sanin numfashi ma abin aunawa ne ba sai da na yi maƙwabtaka da Baba Gado a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, can gabas kusa da iyakar Habasha.

Sunana Adamu. Sana'ata karo, amalanken jaki, ina kwasar riɗi da dawa daga bakin lori zuwa sito. Baba Gado kuwa ɗinkin buhu yake yi a rumfar da ke jingine da tawa. Ɗan siririn tsoho ne mai dogayen yatsu, haƙoransa huɗu na gaba babu, in yana magana sai ka ji iska tana ɗan yin fito. Kullum a bayansa akwai wata doguwar jakar yadi rataye a jikin ginshiƙi. Baƙo zai ɗauka sanda ce. Sarewar ƙarfe ce a ciki.

A Mafaza aka haife shi, bakin kogin Rahad. Kakansa ya taso daga Haɗejiya da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare a nan, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Baba Gado yakan ce har yau daminar ba ta ƙare ba. Wurin kiwon awaki ya fara huda karan dawa yana busawa, huji huɗu, yadda yaran Hausawa na wajen suke yi.

Da aka sami 'yancin kai, aka buɗe manyan gonakin tarakta, sai ya bi samari zuwa Simsim yankan riɗi. Tarakta tana huɗa, tana shuka, amma yanka sai hannu. Kuma riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna aka ɗan makara, ko aka bari rana ta buge shi, sai kwanson ya tsage, 'ya'yan su zube cikin tsagin baƙar ƙasa, ko kaza ba ta iya tsince su. Shi ya sa ake fita da sanyin safiya tun raɓa tana jikinsa. Gado kuwa, da bakinsa ya gaya mini, laujensa malalaci ne. Sa'o'insa sun ɗaure dami uku, shi yana fama da ɗaya. Da shugaban zangonsu ya gaji da faɗa sai ya ce, "Ajiye laujen nan kafin ka yanke wa wani ƙafa. Wuce gaba ka busa mana." Haka ya zama mai tafiya da baya-da-baya a gaban layi, yana busa, maza suna yanka suna biyo shi.

A zangon nan ne wani baƙo ɗan Asmara, wanda yaƙi ya koro, ya kwanta da zazzaɓi mai kumbura saifa. Gado ya yi jinyarsa har ya miƙe. Da zai tafi ya buɗe ƙunshinsa ya ba shi sarewar ƙarfe mai maɓallai, irin wadda ake riƙewa a kaikaice, ya nuna masa inda ake ɗora yatsu, ya hau lori. Gado ya shekara yana neman muryarta a bayan bukka, har karnukan zango suka saba.

Lokacin da kiɗan jaz ya cika bukukuwan Gadarif, aka shigo da jita da ganguna na zamani, sai wata firƙa, wato ƙungiyar makaɗa, ta ɗauke shi. Ya yi zamani sosai. Daga Doka har bakin iyakar Habasha ba gidan bikin da bai busa ba. Wata rana suna dawowa daga Doka lorinsu ya faɗa rami, ƙofar baya ta buge shi a baki. Haƙoran suka tafi, leɓe ya rasa abin jingina, sarewa ta daina amsa masa. Bai yi dogon kuka ba. Ya sayi basilla da zaren rama ya zo kasuwa ya zauna.

Amma samari ba su bar shi ba. Duk mai koyon busa a garin nan sai ya biyo ta rumfarsa. Ba koyarwa yake yi ba, tunda ba ya iya nunawa. Zaɓe yake yi. Yaro zai zo ya ce, "Baba, wace waƙa zan kama yanzu?" Sai ya ɗauko buhu, ya saka basilla, ya ce, "Riƙe mini murya ɗaya." Yaro yana hurawa, shi yana ɗinki, hannunsa kuwa ba ya sauri ba ya nawa, kamar mai kiɗa. Inda iskar yaro ta ƙare nan zai tsaya ya duba ɗinkin. Ni ina daga rumfata ina ƙirgawa, don ba na iya hana kaina. Sabon shiga yakan kai huɗu ko biyar. Gwanaye suna wuce ashirin. Shi Baba Gado ya fi damuwa da na tsakiya. Yakan ce sabon shiga ya san bai iya ba, gwani ya san iyakarsa, amma na tsakiya yatsunsa sun riga ƙirjinsa girma, kunnensa kuma ya riga su duka. Zai ji waƙa a kaset, yatsu su ce za mu iya, ƙirji ya yi shiru don kunya. A nan ake rasa yawancin yara.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne abin ya zo kan jikansa Cindo, ɗan 'yarsa Atika. Yana da shekara goma sha shida, kuma shi ya gaji sarewar ƙarfen. Ustaz Iliya, mai jita, wanda ke jan firƙar a lokacin, ya ga wani akwatin kiɗa mai maɓallai a Hartum, urgun, wanda ke kwaikwayon muryar sarewa da ta kowane abin busa, ba ya gajiya kuma ba ya neman ruwa. Don girman Baba Gado sai ya ce zai ba yaron dama ɗaya. Ranar Alhamis akwai bikin Batulu, 'yar Alhaji Ɗantsoho mai manyan gonaki. Cindo zai ja waƙa guda shi kaɗai a gaba. In ta zauna, gurbin sarewa nasa ne. In ba ta zauna ba, urgun zai shigo, uban yaron kuma dama ya nema masa aikin yaron tarakta a Simsim.

Cindo ya iso rumfa da rediyo mai kaset a hammata, fuska cike da murna.

"Tsoho, buɗe kunnuwanka, tunda su dai lori bai taɓa su ba. Na samo wadda zan kashe Ustaz da ita."

"Ji ɗan nema. Jiya ma Hajo ta ce mini in daina barinka kana shigar mata ɗaki, warin takalminka yana kore mata kaji."

"Ƙarya kake yi mata. Ita ta ce in na fara busa a firƙa za ta sake ka ta aure ni, ta gaji da mai cin tuwo da dasashi."

Hajo matar Baba Gado ce, kakar yaron. Haka suke kullum, ba a raba su.

Ya kunna kaset. Waƙar Habasha ce da aka shigo da ita ta kan iyaka, mai daɗi ƙwarai, sarewar tana hawa tana sauka kamar tsuntsu a iska. Baba Gado ya saurara yana ɗinki. Ni na ƙirga layin da ya fi tsawo: ɗinki goma sha shida ba a ja numfashi ba.

"To, aboki, riƙe mini murya ɗaya."

Cindo ya hura. Muryar tana da kyau, zagayayya, ba ƙura a cikinta. A ɗinki na tara ta fara rawa, ta mutu.

"Sake. Ɗazu ban shirya ba."

Ya sake. Tara. Ya cika ƙirji har idanunsa suka yi ja, ya sake. Tara da rabi, rabin ma da tari.

"Adamu, nawa ka samu?" in ji Baba Gado, bai ko juyo ba.

Na ce, "Tara, Baba. Waƙar kuma sha shida."

"Ka ji. An haife ka da yatsa shida, shi ya sa ka ɗauka kome a yatsu yake. Yatsun naka za su kai ta, ban musa ba. Amma a tsakiyar layi za ka tsaya neman iska a gaban mutane, ganga ta wuce ta bar ka. Kuma yau a rumfa kake. Ranar biki tsoro zai ci ɗinki biyu daga cikin taran nan kafin ka ɗaga sarewa."

Yaron ya zauna a kan buhu, ya kashe kaset. "To me zan busa? Ta yara?"

Baba Gado ya yi ɗinki kamar biyar. Sannan ya fara rera wani take da hanci, ƙasa-ƙasa. Gajere ne, yana hawa sau biyu ya sauko, sai ya yi shiru ɗan lokaci, ya sake ɗauka. Na ƙirga: bakwai busa, biyu shiru. Bakwai, biyu.

"Sunanta Tashi da Raɓa," in ji shi. "Ni na yi ta a Simsim, ina kamar kai, ƙirjina bai kai ba, ga shi ina tafiya da baya cikin kunyoyin gona. Dole in tsaya in sha iska. Da maza suka ga ina barin rami sai suka riƙa cike shi. In na tsaya su ce, ga mu, ga lauje! Kafin su rufe baki na cika ƙirji. Daidai jikinka aka yanka ta, tun ba a haifi uwarka ba."

"Tsoho, wannan ai ko akuya ta iya. Ina jaz a ciki?"

"Zagayen farko ka busa ta tsirara yadda na rera. Na biyu ka ɗan makara, ka bar ganga ta riga ka taku, ka kamo ta. Na uku ka lanƙwasa wutsiyar. Daga na huɗu ba ruwana, yi mata ado da abin da ke kanka, ga iska ka ajiye a aljihu. Wancan na kaset da ka ji yana shawagi, ka ɗauka gudu ne? Gida yake da shi da yake komawa. Kai ma ga naka."

Da aka kai wa Ustaz Iliya labari, da kansa ya zo kasuwa, ya tattare farar jallabiyarsa don kada ta sha ƙurar riɗi.

"Ya Ammu Gado, haba Baffa, kiɗan gona? A gidan Alhaji Ɗantsoho? Mata sun sha turare, kai kuma ka kawo mini zufar zango? To na ji, taken yana da daɗi, mai ganga ma ya so shi. Amma ramukan nan zan cike su da jita."

"Kar ka saka ko waya ɗaya. Ganga kaɗai, ita ma a hankali. In ka cike ƙofa ta ina mutane za su shigo?"

"In ba su shigo ba fa? Wa ka taɓa ji a garin nan ya naɗa rawani sannan ya ce ya taɓa riƙe lauje? Za su yi shiru, a ga kamar yaron ne ya manta waƙa. Ni ne zan ji kunya, shi kuma ya tafi Simsim."

"Ɗantsoho a layina yake," in ji Baba Gado. "Bahago ne, kullum sai an ba shi gefe don kada ya sari na kusa da shi. Uwarsa Ma'u ita ke tuƙa mana tuwon asida a zango. Bar ramukan."

Iliya ya ɗaga hannu sama. "Halas, shi ke nan. Jikanka ne."

Ni kuwa ban ga dalilin barin abu ga sa'a ba alhali akwai dabara. Da ya tafi na matso na ce, "Baba, ina da yaran karo shida. In rarraba su cikin taro, biyu gabas, biyu yamma, biyu wajen ƙofa. Da Cindo ya tsaya su amsa, saura su bi."

Ya yi dariya har iska ta yi fito a giɓinsa. "Allah ya yi maka albarka, ɗana, amma a'a. Yaron zai gane muryoyinsu, ya san haya aka yi masa. Daga ranar ba zai ƙara yarda da taro ba, kuma mai busa da bai yarda da taro ba gara ya tafi tarakta. Kai ma in ka je, ka kama bakinka."

Kwanakin da suka rage Cindo ya yi su a bayan sito yana maimaitawa. In ya kai ramin sai jakunana su kaɗa kunne, shi ke nan amshin da yake samu.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji. Maza a kujeru cikin fararen kaya, mata a ɗaya gefen lulluɓe cikin tobe kala-kala, hayaƙin turare yana tashi, yara suna zagayawa da ruwan sanyi. Baba Gado ya zauna can baya kusa da ni a kan benci, ya ɗora hannu a gwiwa, babban yatsansa yana motsi kamar da basilla. Firƙa ta yi waƙoƙi uku, sannan Iliya ya matsa gefe ya yi wa Cindo alama da kai.

Yaron ya fito. Ya ɗaga sarewar zuwa leɓe. Ganga ta shiga a hankali. Ya busa layin farko, tsirara, muryar ta fita tas. Ya tsaya.

Ba wanda ya ce uffan. Ganga kaɗai ke tafiya. Wani yaro ya yi dariya a bayan mata.

Ya busa na biyu, ya tsaya. Shiru. Na ga waɗansu dattawa sun dubi juna, sun mai da ido ƙasa. Sun gane ta sarai. Iliya ya ɗora yatsu a kan wayoyin jita ya dubi wajenmu. Baba Gado ya girgiza masa kai. Ni kuwa amshin yana bakina kamar garwashi, na danne.

Layi na uku ya fito da ɗan rauni a ƙarshe. Cindo ya sauke sarewar kaɗan daga leɓe, na ce a raina ya sare. Sai wata tsohuwar murya, a shaƙe amma da ƙarfi, ta taso daga gefen mata:

"Ga mu, ga lauje!"

Hajiya Ma'u ce, kakar amarya, zaune a kan gadon igiya da aka fito mata da shi. Ba ta tsaya nan ba. Ta nuna ɓangaren maza da sandarta ta ce, "Kai Ɗantsoho! Kurma ka zama? Ko rawanin ne ya toshe maka kunne? Ana kiranku kun yi zuru kamar baƙi!"

Wuri ya ɗauki dariya. Cindo, Allah ya taimake shi, bai jira dariyar ta ƙare ba, ya ɗora layi na huɗu a kanta. Da ya tsaya, Alhaji Ɗantsoho ya miƙe, hannunsa na hagu ya sauka ƙasa ya zagayo kamar mai sara, ya amsa. Dattawa kamar goma suka amsa tare da shi. A zagaye na gaba rumfar duka ta ɗauka, har Larabawan da ba su san me ake cewa ba, mata suna guɗa, maza sun taso suna kaɗa yatsu a saman kan yaron.

Daga nan ne na ji abin da tsohon yake nufi. Cindo ya fara makara yana kamo ganga, ya lanƙwasa wutsiya, ya haura sama inda ban san sarewar tana kaiwa ba, ya dawo gida daidai lokacin da taro zai amsa. Har ɗan guntun waƙar Habashan nan ya saƙalo a ciki, gwargwadon abin da ƙirjinsa zai ɗauka, ya ajiye. Duk tsawon waƙar ban ga ya nemi iska a inda ba a ba shi ba. Iliya ya shigo da jita daga ƙasa, yana murmushi yana girgiza kai.

Washegari yaron ya zo rumfa yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan.

"Tsoho, Ustaz ya ce in zo da kayana ranar Asabar, akwai biki a Doka. Ka gaya wa Hajo ta fara haɗa nata."

"Zagaye na shida ka yi sauri, ka tsallake mai ganga. Kuma a lori ka zauna nesa da ƙofar baya." Ya ɗauko buhu ya saka basilla. "Riƙe mini murya ɗaya."

Tara ne har yanzu. Sai da aka shiga damina ya kai sha ɗaya, Baba Gado ya sauya masa waƙa. Ta Habashan kuwa sai da aka yi kaka biyu kafin ya ba shi ita. Urgun ya shigo firƙar daga baya, kamar yadda ya shiga ko'ina, amma ya tarar da Cindo a gurbinsa, suka zauna tare. Baba Gado ya ci gaba da ɗinkinsa har idonsa ya daina ganin kafar basilla, sannan ya koma Mafaza wurin ƙanensa. Ko a can, an ce, yara suna zuwa su hura masa, yana aunawa da yatsa a kan gwiwa.

In kana da yaro mai busa a gida, wanda ya wuce farko bai kai gwani ba, don Allah kafin ka bar shi ya kama waƙar da ta burge shi a kaset, ku zauna ku gwada wannan. Ba sai da basilla ba, tafi a hankali ma ya isa. Ya riƙe murya ɗaya ka ƙirga. Cire biyu na tsoro. Sannan ku nemo waƙar da layinta bai wuce abin da ya rage ba, wadda ke da wurin tsayawa, in da hali wadda tsofaffin gidanku suka sani. Ka sa ya busa ta a tsakar gida bayan la'asar, kai kuma ka kama bakinka, ka ga wa zai fara amsawa.